Sati uku a Holan, ƙasar da kalma ɗaya ke cika baki

Tunda na dawo mutane ke ta tambayata wai ya sanyi, ya abinci, ka ga dusar ƙanƙara? Ban ganta ba jama'a, a watan Oktoban 2024 na je, ruwa da iska kawai na sha. Kuma abin da ya fi wahalar da ni a ƙasar nan ba sanyin ba ne, bakina ne. Bari dai in ɗauko muku daga farko.

Wurin aiki ne suka tura ni kwas na sati uku kan madatsun ruwa da noman rani a garin Delft, akwai wata makarantar ilimin ruwa a can mai suna IHE, tun 1957 take. Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci ba, yuro 90 ne ban da kuɗin masu karɓar takardu, aka ɗauki hoton yatsu aka yi ta jira har na fara cire rai sannan fasfo ya dawo. Ranar tafiya Hajiyarmu ta ce a riƙe sallah a kiyayi naman da ba a san yankansa ba. Uwargida kuwa tata gajeriya ce, "Allah ya kiyaye hanya Maigida, amma fa kar ka dawo min ba atamfa 'yar Holan tunda gidanta za ka."

Daga Kano na sauka Legas, da dare muka hau KLM. Dattawan Kano sun san jirgin nan, shekara da shekaru yana sauka a garinmu kafin ya daina a 2012, shi ya sa yanzu sai ka gangara kudu tukun sannan ka sake yin arewa. Kusa da ni wata tsohuwar baturiya ce 'yar Holan mai fara'a, bayan an kwashe kwanukan abinci na tambaye ta da turanci ƙarfe nawa za mu isa Sifol. Ta ce ina? Na ce Sifol. Ta yi shiru tana kallona, sai da na nuna mata tikiti inda aka rubuta Schiphol sannan ta fashe da dariya, ta karɓi birona ta ja layi a tsakiyar kalmar, Schip a gefe, hol a gefe. Ta ce kalma biyu ce aka haɗa, schip jirgin ruwa, hol rami, wannan p da h ɗin ba tare suke ba, maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su, kar in karanta su f irin na turanci. Ni kuwa dama a wurinmu p da f duk kanwar ja ce. Ta ce wurin da filin jirgin yake a da tafki ne babba, sai a 1852 aka gama zuƙe ruwan, kuma ana cewa jiragen ruwa na yawan nutsewa a nan shi ya sa sunan. Wato dai cikin tsohon tafki za mu sauka, fiye da mita 3 ƙasa da teku. Na ce Allah ya sauke mu lafiya.

Sai maganar sch ɗin farko. Ni na ɗauka sh ce. Ta ce a'a, s ce sannan wani sauti daga maƙogwaro kamar mai kakin majina, ta yi min sau biyu, ai kuwa nan take na gane shi, خ ce ta larabci, ha mai ruwa da muka sha bulala a kanta a makarantar allo. Na ce Skhip-hol. Wallahi matar nan sai da ta tafa, ta ce turawan Ingila na shekara goma a ƙasar ba su iya wannan ba. Allah ya jiƙan malaminmu na allo.

Da asuba muka sauka. Layi biyu ne, 'yan Turai na wucewa ta na'ura fit fit, mu masu koren fasfo muka yi ta jan ƙafa kusan awa guda. Jami'in ya nemi takardar gayyata da adireshin masauki da tikitin komawa, ya buga hatimi shikenan. Kilishi dama a Kano na baro shi don an gargaɗe ni ba a shiga Turai da nama, yaji da garin kunu kawai na ɗauko. Ina fitowa na ga allo an rubuta aankomsthal, na tsaya da akwatina ina lalube kamar ɗan aji ɗaya, can na gano hal a ƙarshe, zaure kenan, saura aankomst, isowa. Zauren masu isowa. Na ji daɗi kamar na ci jarrabawa.

Tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin take, ka sauka da matakala kawai. Kusan yuro 12 zuwa Delft, minti arba'in da 'yan kai, lokacin kuma yuro ɗaya ya haura naira 1,700, da na buga lissafi sai na ga ya kai ni Abuja daga Kano a mota. Daga ranar na daina juya kuɗi zuwa naira don kar hawan jini ya kama ni, ƙasar da ban ɗakin tasha ma sai ka ba da kusan yuro guda. Ta taga kuwa ƙasa shimfiɗe kamar faranti, ko tudun tururuwa babu, sai koramu a miƙe kamar an ja su da rula da shanu masu baƙi da fari, na ce to ga dangin masu madarar Peak.

Masaukina ɗaki ne a gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, matarsa ta rasu 'ya'ya sun watse, sai yake ba ɗalibai haya. Meneer nake ce masa, kamar dai ka ce Malam. Matakalar gidan kuwa tsani ce kawai aka yi wa suna, da baya-baya nake saukowa. Ban ɗaki ba buta, amma ni na san hali, tawa na cikin akwati.

Washegari zan tafi makaranta ina tafiyata a kan wani jan daɓe mai kyau a gefen titi sai ƙararrawa ta ko'ina, wata mata da yara biyu a cikin akwatin gaban kekenta ta wuce ni kamar walƙiya ta daka min tsawa, ni dai abin da na ji shi ne "fisfat!" Na ɗauka zagi ne. Da yamma na kai ƙara wurin Meneer, ya yi dariya har da tari, ya ɗauko takarda ya rubuta fietspad. Ya ce in tafa hannu kamar yadda yake sa yara a aji, tafi ɗaya fiets, keke, tafi ɗaya pad, hanya. Hanyar keke na hau. Kuma d in ta zo ƙarshe t ake faɗinta, ie kuma i ce mai ja, fiits-pat kenan, da ƙarfi a gaɓar farko.

Daga ranar kullum bayan isha'i sai mun zauna a teburin kicin da shayi yana rubuto min dogayen kalmomi ina yankawa. Tsohon malami ne ya samu ɗalibi, ni kuma dare ya yi min tsawo ba hira. Abin da na fahimta shi ne kalmarsu kamar rake take. Ba ka kama sandar rake ka gatsa daga inda ka ga dama, gaɓa kake nema ka sa wuƙa, abin daɗin ma mu da Hausa gaɓar rake da gaɓar kalma duk suna ɗaya ne. Sai ka fara raba kalmomin da aka liƙa, sannan ka raba gaɓoɓin kowacce. Kuma daga wutsiya ake farowa, don mai gidan yana ƙarshe. Ziekenhuis, huis gida, zieken marasa lafiya, asibiti kenan. Handschoen takalmin hannu, wato safar hannu. Schildpad kwaɗo mai garkuwa, kunkuru fa ake nufi. Har jinsin kalmar na ƙarshen ne ke yanke shi, fiets tana ɗaukar de, pad na ɗaukar het, to in an haɗa sai het fietspad.

Na ce masa ai mu ma muna da irinsu, sai dai namu mai gidan ne a gaba, gidan sauro, jirgin ƙasa, gashin baki, kuma muna barin fili ko mu sa karan ɗori a huta. Ya nuna min wata s da en da suke cusawa a tsakiya wani lokaci, na ce wannan ai ita ce n da r ɗinmu ta gidan wane da motar wance. Ya ce in ba shi wata mai daɗi. Na duba bango na ga farantansa na tangaran masu shuɗin zane, irin wanda aka san Delft da shi, na ce wannan a garinmu faɗi-ka-mutu ake ce masa, na fassara. Dattijon nan ya ajiye kofi ya yi ta dariya, ya rubuta a littafinsa. Da na ƙara masa da barkonon-tsohuwa da a-kori-kura sai ya ce namu ya fi nasu rashin kunya.

Inda ya kayar da ni shi ne angstschreeuw, ihun tsoro. Ku ƙirga da kanku, baƙaƙe takwas a jere ba wasali ko ɗaya a tsakani, n g s t s c h r, kuma wai gaɓa biyu ce kacal, angst da schreeuw. Ni kuma harshena na Bahaushe ba ya yarda baƙi biyu su buɗe gaɓa sai ya raba faɗa da wasali, mu ne fa muka mayar da abin kwance noti sukurudireba, muka ce burodi, muka ce firamare. Da na faɗa ya ƙirga tafi, an-gis-ti-si-ki-re-wu, bakwai. Ya ce in sake. Shida. Har na baro ƙasar ban sauko ƙasa da huɗu ba, kuma ni dai a ganina mutumin da tsoro ya kama da gaske ba shi da lokacin wannan kalmar, wayyo ta ishe shi. Wani wasalin da ya gagare ni shi ne ui na huis, ba au ba ne ba ai ba ne, wani abu ne a tsakani da sai ka tsuke baki kamar mai hura wuta.

Abinci kuwa sai haƙuri. Mutanen nan da rana tsaka burodi da cuku suke ci, mai sanyi, manyan injiniyoyi da furfura kowa ya zaro burodinsa daga leda yana ci yana aiki. Da safe kuma su barbaɗa wa burodi 'yan ƙwayoyin cakulan, hagelslag, wai zubar ƙanƙara. Abin da ya cece ni biyu ne. Karnemelk, karne-melk, madarar da aka kaɗe aka cire mai, na kurɓa na ce kai wannan ai tsala ce, da da fura a kusa da an gama magana. Sai pindakaas, pinda gyaɗa, kaas cuku, alhali ba cuku a ciki ko kaɗan, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce irin wadda muke kunu da ita, da ita na riƙa dama garin kununa da safe Meneer na leƙowa yana tambaya. Stroopwafel kuma ba laifi, stroop-wafel, waina-waina ce siririya guda biyu da zumar sukari a tsakani, ka ɗora kan kofin shayi mai zafi ta yi laushi.

Ranar Juma'a a masallacin Turkawa ina ɗaura takalmi na ji an ce "Malam sannu da zuwa, daga Najeriya?" Na ɗago kamar an kira ni daga sama. Wani bawan Allah ne ɗan zangon Kumasi, ya fi shekara ashirin a ƙasar, hulata ya gani. Hausarsa irin ta Gana, matarsa ma "ya tafi kasuwa" ce. Ranar Asabar ya zo ya ɗauke ni muka hau taragon lantarki mai lamba 1 wanda ke tashi daga Delft ya ratsa birnin Hague har bakin teku. Su Den Haag suke cewa, g ɗin ma ha mai ruwa ce. Muka tsaya babbar kasuwar garin, nan na ga naman halal da doya da kuɓewa da attaruhu, na ji kamar in yi kuka. Muka wuce ta gaban Vredespaleis, vrede zaman lafiya, paleis fada, ga s ɗin nan a tsakiya, ginin 1913 ne kuma nan kotun duniya take wadda ta ba Kamaru Bakassi a 2002, na daɗe ina kallonsa ta taga. Ƙarshen layi Scheveningen, Skhe-fe-ni-nge, n ɗin ƙarshe haɗiye ta suke. Ya ce ana ba da labarin lokacin yaƙin duniya na biyu da sunan nan ake gane Bajamushen da ya saje, don shi sh zai ce. Na faɗa sau ɗaya ya ce to Malam kai ka tsira.

Muna zaune muna cin soyayyen kifi a takarda, iska na neman tsige mana kunne, tsuntsayen teku na shawagi a kanmu kamar shirwa a mahauta, ya ba ni labarin da har yanzu in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Wai farkon zuwansa yana koyon yaren ya ga an rubuta za a yi massagebed na Musulmi a wani fili ranar sallah. Shi kuwa ya san massage tausa ce, bed gado, ransa ya ɓaci ya ce wane irin cin mutunci ne wannan, gadon tausa a filin idi? Ashe a gurguwar gaɓa ya yanka. Massa-gebed ne, massa taron jama'a, gebed sallah, sallar jam'i. Harufan duk ɗaya, ko ɗigo bai bambanta ba, amma in massage-bed ne g ɗin kamar j take fita, in massa-gebed ne sai ta koma maƙogwaro, khebet. Ya ce shi ya sa masu hankalinsu ke sa karan ɗori in sun ga za a yi ɓatan kai.

Atamfa kuma a wani shagon 'yan Afirka na samo ta, don su 'yan ƙasar ba sa ɗaurawa, da yawansu ma ba su san kamfanin Vlisco na garin Helmond mai yin ta ba duk da tun 1846 yake. Turmi ɗaya ya haura yuro 80. Na saya ina salati.

A sati na biyu aka kai mu ganin Maeslantkering kusa da Hoek van Holland. Ƙofofi biyu ne na ƙarfe, kowacce mita 210, an gama su a 1997, in teku ta taso kwamfuta ce ke yanke hukunci su rufe bakin kogin da ke shiga Rotterdam. Sunan irin wannan gini stormvloedkering, storm-vloed-kering, mai tare ambaliyar guguwa, ni na yanka da kaina a cikin mota ba wanda ya taya ni. Malamar da ta raka mu ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ƙasa da teku yake, kuma duk wannan aikin ya samo asali ne daga daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairun 1953, da teku ta fasa ganuwoyin ruwa ta kashe mutum 1,836. Ganuwar nan ita ce dijk, ana faɗinta kamar daik, tudun ƙasa ne dogo irin badalar Kano amma ruwa yake tarewa ba mahara ba. Suna da hukumomin ruwa 21, da harajinsu daban da zaɓensu daban, shugaban kowacce dijkgraaf, kamar ka ce sarkin ganuwa, ta yankin Delft tun 1289 take. Tana bayani ni kuma hankalina na Maiduguri, wata guda kenan da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye gari, ina da abokan karatu a can da suka kwana a kan rufi. Ban ce komai ba a motar dawowa.

Lahadin ƙarshe, ranar da suka mayar da agogo baya da awa ɗaya lokacinsu ya zo daidai da namu, Meneer ya ce ba zan bar Holan ban hau keke ba. Ya ba ni na marigayiya matarsa, muka nufi wani ƙauye Schipluiden ta bakin korama, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Zuwa lafiya lau iska na tura ni ina jin kaina wani gwani. A dawowa ne iskar ta juyo ta tare mu a ƙirji, ina taka feda kamar mai tuƙa tuwon gidan biki keken na tsaye wuri ɗaya, tsohon da ya haura saba'in kuwa ya yi gaba abinsa ko haki babu. Can cinyata ta dama ta ɗaure tamau, na saki keke na zube kan ciyawa a gangaren ganuwa ina kiran sunan Allah, wasu tumaki suka ɗago suna kallona. Ya dawo ya kama ƙafar ya miƙar ya danna yatsun sama har ta saki. Da ya ga na dawo hayyacina sai na ga yana murmushi yana laluben aljihu, ya zaro ɗan littafin nan ya rubuta dijkramp, ya miƙo min biro ya ce yanka. Na ja layi bayan k, dijk-ramp, ramp bala'i, ɓallewar ganuwa, na ce wannan ai mun yi shi a aji. Ya karɓa ya matsar da layin baya da harafi ɗaya tak. Dij-kramp. Dij cinya, kramp ɗaurewar jijiya. Ya ce yau ka samu na biyun a kan na farkon. Na yi dariya ga hawayen ciwo a idona. Sai kuma na ba shi labarin Alau da na riƙe tun ranar nan, ya yi shiru, ya ce shi yana jariri a 1953, amma babarsa har ta mutu ba ta iya barci in ana iska da dare. Da ƙafa muka ƙarasa gida muna tura kekunan.

Ranar dawowa na ba shi sauran yajina da hula ɗaya zanna, shi kuma ya yago min shafukan littafin nan duka. A tashar Delft na je wurin mai ba da bayani don in tabbatar da layin jirgi, na gyara murya na tattaro duk abin da na koya na ce Skhip-hol, ha mai ruwa ta fita tas, p daban h daban. Mutumin ko ɗagowa bai yi ba, ya ɗauka ɗan gari ne, ya zubo min bayani da yarensu kamar an buɗe famfo, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Na tsaya ina kallonsa da akwati a hannu, sannan a hankali na ce masa don Allah ya maimaita da turanci.

Atamfa ta samu karɓuwa, sai dai an ce kalar ta yi duhu. Stroopwafel fakiti huɗu kuwa kwana biyu suka yi, ƙaramar 'yata har yanzu tana tambaya yaushe zan koma in sayo siturofwafal.